Diori Hamani, mushen da ya kai sunan Nijar waje

Ƴan uwa na gida da na ci-rani, a wannan fitowa za mu tuna da shugaban ƙasarmu na farko.

An haifi Diori Hamani ran 6 ga Yuni 1916 a Sudure, kusa da Yamai. Ya yi lakwal ta malamai ta William Ponty a Senegal, ya koyar a gida, sannan ya tafi birnin Pari inda ya karantar da Turawa Hausa da Zabarmanci. A 1946 yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN, aka kuma zaɓe shi depite a majalisar Faransa. Da aka samu mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, shi ne ya riƙe ƙasa.

Ƙasar da ya karɓa ba ta da bakin teku, arzikinta gyaɗa da dabbobi. Saboda haka ya ɗauki zaman lafiya da maƙwabta tamkar jari. Da yaƙin Biyafara ya tashi a 1967, Faransa ta karkata wajen masu ɓallewa, Kodebuwa da Gabon suka amince da su. Diori ya ƙi, ya tsaya bayan gwamnatin Najeriya. Ya san ta Kano gyaɗarmu ke bi zuwa teku, ya kuma san dangin Maraɗi suna Katsina. A Yulin 1968 wakilan ɓangarorin biyu suka zauna a Yamai neman sulhu. Ran 20 ga Maris 1970, a Yamai ɗin dai, aka kafa ƙungiyar ƙasashe masu aiki da Faransanci.

Amma a gida al'amari ya sha bamban. An hana jam'iyyar Sawaba tun 1959, baki ya zama ɗaya. Fari ya yi tsanani a 1973, dabbobi suka ƙare, talakawa suka yi kukan cewa hatsin agaji na tsayawa hannun manya. Yana cikin ja da Faransa kan kuɗin yuraniyom na Arlit, sai soji suka kifar da shi ran 15 ga Afrilu 1974, ƙarƙashin Seyni Kunce. Matarsa Aisa ta rasu a daren.

An tsare shi a Damagaram har 1980, daga nan aka yi masa ɗaurin talala a Yamai. Ya rasu a Rabat ta Maroko ran 23 ga Afrilu 1989.

Girman da ya samo mana a waje na gaskiya ne, amma bai tsare kujerarsa ba ranar da rumbunan talakawa suka zama wayam. Allah ya jiƙansa, ya ba shugabanninmu kunnen jin na ƙauye.