Luke O'Connor, marayan da ya ɗauki tuta

An haifi Luke O'Connor a shekara ta 1831 a Irlanda, wani tsibiri da ke yamma da Ingila. A lokacin nan Ingila ce ke mulkin tsibirin. Iyayensa manoma ne, talakawa. Da suka kasa biyan kuɗin hayar gona, sai aka kore su. A 1839 suka shiga jirgin ruwa za su Kanada. Uban ya rasu a bisa teku. Suna sauka, kwalara ta kashe uwar da ƙaramin ƙanensa. Daga baya yaron ya komo gida, maraya.

A 1849 ya shiga sojan Ingila. Bayan shekara biyar, Ingila da Faransa da Turkiyya suka kama yaƙi da Rasha a Kirimiya. Ran 20 ga Satumba 1854 aka gamu a bakin kogin Alma. O'Connor yana sarjan, yana rakiyar wani hafsa mai riƙe da tutar rundunarsu.

A yaƙin zamanin nan tuta ba ado ba ce. Hayaƙin albarushi yakan rufe fili, ƙarar igwa ta hana soja jin muryar shugabansa. Tuta kaɗai yake hange ya bi. In ta faɗi, mutane su watse. Don haka abokan gaba mai tuta suke fara auna.

Harsashi ya sami hafsan, ya faɗi. O'Connor ma aka harbe shi a ƙirji. Ya miƙe, ya ɗauki tutar daga ƙasa, ya ci gaba. Aka ce masa ya koma baya a duba rauninsa. Ya ƙi, bai sake ta ba har aka gama faɗa.

Aka ba shi muƙamin hafsa, abin da ɗan talaka bai cika samu ba. A 1855 aka sake harbinsa a cinyoyi biyu a Sebastopol. Ran 26 ga Yuni 1857, a birnin Landan, Sarauniya Biktoriya ta maƙala masa lambar jarumta mai sunanta, wani ɗan gicciye na tagulla.

Sauran yaƙe-yaƙensa na mulkin mallaka ne. Ya yi yaƙi a Indiya. Rundunarsa tana cikin waɗanda suka kai wa Asante hari a ƙasar da ake kira Gana yanzu, inda aka ƙone Kumasi a 1874. Mutanen Kumasi ba su da dalilin yaba masa.

Ya kai muƙamin janar. Ya rasu a Landan a 1915, yana da shekara 84.