Likita Sharko Na Faransa, Wanda Ya Gane Ciwon Da Ke Kawo Mantuwa

 A wannan mako mun kawo muku tarihin wani likita Bafaranshe wanda ya rasu tun shekarar 1893. Sunansa Jean-Martin Charcot, amma a baki Sharko ake cewa, haka kuwa za mu riƙa rubuta shi. Abin da ya sa muka zaɓe shi ke nan: a ziyarar marasa lafiya da mukan yi a nan Unguwa Uku da Gyadi-Gyadi da Tarauni, sau da yawa mukan ji mutanen gida suna kuka da majinyacinsu a kan mantuwa. Za su ce an gaya masa magana da safe, kafin azahar ya ce bai ji ba. Waɗansu sukan ce ganganci ne, waɗansu su ce taɓin hankali ne, waɗansu kuma su ce jifa aka yi masa. Wannan likita yana cikin na farko da suka nuna cewa akwai ciwon jijiyoyi wanda mantuwa take cikin alamunsa, kamar yadda zafin jiki yake cikin alamun zazzaɓin cizon sauro.

An haifi Sharko a birnin Paris ran 29 ga Nuwamba, 1825. Mahaifinsa mai ƙera keken doki ne, yana da 'ya'ya maza huɗu, ba shi kuwa da halin kai su duka babbar makaranta. Ana ba da labari cewa ya yanke shawara wanda ya fi ƙoƙari a aji shi ne zai ci gaba da karatu, sai rabo ya faɗa kan Sharko. Tun yana yaro ya iya zane ƙwarai, wannan baiwa kuwa ta amfane shi daga baya, gama yakan zana fuskar majinyaci da tsayuwarsa da yadda hannunsa ya lanƙwashe. Ya gama karatun likita a 1853, inda ya yi bincikensa a kan ciwon sanyin gaɓoɓi.

A shekarar 1862 aka ba shi aiki a wani babban asibitin mata da ake kira Salpetriyer. Asalin wurin ma'aikatar albarushi ce, har Sarki Luwi na 14 ya mai da shi gidan ajiye matalauta a 1656. Lokacin da Sharko ya isa, mata wajen 5,000 ne suke zaune a ciki: tsofaffi, da masu farfaɗiya, da shanyayyu, da masu taɓin hankali, da waɗanda danginsu suka gaji da su. Manyan likitoci ba su cika son wurin ba, domin galibin matan an riga an fid da rai ga warkewarsu. Shi kuwa Sharko da abokinsa Alfred Vulpian suka bi ɗaki ɗaki suna duba su, suna rubuta abin da suka gani.

Hanyar aikinsa mai sauƙin faɗa ce, amma tana bukatar haƙuri. Yakan zauna shiru yana kallon majinyaciya, ya sa ta yi tafiya, ya sa ta yi magana, ya sa ta ɗauki abu. Sa'an nan ya rubuta kome, ya ajiye takardar, ya ƙara a kanta shekara da shekara. In matar ta rasu, sai ya binciki ƙwaƙwalwarta da lakarta, ya gwada abin da ya gani a ciki da abin da ya rubuta tun tana da rai. Ta haka ne ya rarrabe cututtukan da a dā ake haɗa su wuri ɗaya a ce musu rawar jiki ko shanyewa.

Marubutan tarihinsa sun ba da labarin wata 'yar aikin gidansa wadda hannunta yake rawa, idanunta suna kaɗawa, maganarta kuma tana fita a rarrabe. Da fari ya ɗauka wani ciwo ne dabam yake damunta. Ta yi ta fasa masa tangaran da kofuna, amma bai sallame ta ba. Ya riƙe ta a gidansa shekaru, yana lura da ita, har jikinta ya yi nauyi aka kwantar da ita a Salpetriyer. Bayan rasuwarta ya tarar da tabo masu tauri a warwatse cikin ƙwaƙwalwarta da lakarta. Kafin wannan lokaci, likita Robert Carswell a 1838 da kuma Jean Cruveilhier sun riga sun zana irin waɗannan tabo a littattafansu, amma ba wanda ya haɗa su sosai da alamun da ake gani a jikin mai rai.

A shekarar 1868 Sharko ya yi wa ɗalibansa jerin laccoci a kan wannan ciwo, ya bayyana shi a matsayin cuta mai zaman kanta. A yau likitoci suna kiransa multiple sclerosis, a taƙaice MS, ma'anarsa kuwa tabo masu tauri a wurare da yawa. Ya nuna alamu uku da har yanzu ake danganta su da sunansa: kaɗawar idanu, da maganar da ke fita gaɓa gaɓa, da rawar hannu. Ya kuma bambanta wannan rawar hannu da ta cutar Parkinson. Mai cutar Parkinson hannunsa yana rawa ne sa'ad da yake zaune bai yin kome. Mai MS kuwa hannunsa yakan natsu, sai ya miƙa shi zai kai kofin ruwa baki, nan rawar za ta tashi har ruwan ya zube.

Abin da ya fi shafar zancenmu na yau shi ne, Sharko bai tsaya ga hannu da ƙafa kaɗai ba. Ya lura cewa da yawa daga cikin matan nan ƙarfin tunawarsu ya ragu, tunaninsu yana tafiya a hankali, waɗansu kuma sukan fashe da dariya ko kuka ba tare da dalili ba. Ya lissafta waɗannan cikin alamun ciwon, ya koya wa ɗalibansa haka. Abin mamaki, bayan rasuwarsa likitoci suka fi mai da hankali ga ƙafafu da idanu, zancen tunani ya koma baya har kusan shekara 100. Sai a 1991 wani bincike da Stephen Rao da abokan aikinsa suka yi a Amurka ya nuna cewa cikin masu MS 100 da aka gwada, 43 suna da matsalar tunani ko ta tunawa. Yanzu an yarda cewa wajen rabin masu ciwon sukan gamu da wannan matsala, ko kaɗan ko da yawa.

Ga abin da yake faruwa a jiki, bisa ga sanin da aka samu bayan zamaninsa. Kowace jijiyar da ke ɗaukar saƙo a ƙwaƙwalwa da laka tana da rufi, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. A ciwon MS, garkuwar jikin mutum ce take juyowa ta cinye wannan rufi, wurin ya bar tabo. Saƙo ya kan bi ta wurin da jinkiri, wani lokaci ma ya tsaya. In tabon yana kan hanyar ido, gani ya dushe. In yana kan hanyar ƙafa, tafiya ta yi wuya. In kuwa yana kan hanyoyin da ke haɗa sassan ƙwaƙwalwa, sai tunani ya yi nauyi. Mutum zai nemi kalmar da ya sani sarai ta ƙi zuwa, ko ya shiga ɗaki ya rasa abin da ya kawo shi, ko mutum biyu su yi masa magana tare ya kasa bin ko ɗaya. Galibi abubuwan dā suna nan daram a ransa, ya san mutanensa, basirarsa ma tana nan. Sabon abu ne yake wuyar kamawa, saurin tunani kuma ya ragu.

Ciwon yakan fara ne tsakanin shekara 20 zuwa 40, ya fi kama mata fiye da maza, ba kuwa a ɗaukarsa daga wani. Ƙididdigar da aka fitar a 2020 ta nuna mutane wajen miliyan 2.8 ne suke da shi a duniya. Ya fi yawa a ƙasashe masu sanyi kamar Kanada da arewacin Turai, a ƙasashenmu kuwa ba shi da yawa, amma akan same shi. Saboda haka kada wani ya karanta wannan ya yanke wa kansa hukunci. Hawan jini, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon sukari, da rashin barci, da baƙin ciki, da tsufa, duk suna kawo mantuwa, sun kuwa fi MS yawa a cikinmu. Likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne zai tantance, irin waɗanda ake samu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya. Tun 1981 aka fara ganin tabon nan a hoton na'urar MRI, mutum yana raye, abin da Sharko bai taɓa gani ba sai bayan mutuwa.

Game da magani, Sharko ya gwada abin da zamaninsa yake da shi, har da magungunan da aka haɗa da zinariya da azurfa, da kuma jan lantarki. Ya faɗa wa ɗalibansa gaskiya cewa sakamakon bai gamsar ba. Sai a 1993, shekara 100 cif bayan rasuwarsa, aka amince a Amurka da maganin farko mai rage yawan tashin ciwon. Yanzu akwai magunguna da dama masu rage masa gudu, ko da yake ba a sami wanda ke warkar da shi gaba ɗaya ba, suna kuma da tsada.

To, mai fama da irin wannan mantuwa, yaya zai yi da rayuwarsa ta kullum? Masana sun ba da shawarwari, na farkonsu kuwa shi ne makamin Sharko kansa, wato rubutu. A sami littafi guda ɗaya, a riƙa rubuta saƙo da bashi da ranar ganin likita da lokacin shan magani a cikinsa nan take, kada a warwatsa su a guntayen takardu. Wanda ke da waya ya sa ƙararrawarta ta riƙa tuna masa. Makulli da tabarau da katin asibiti kowanne ya sami wurinsa da ba ya canzawa. A yi abu ɗaya a gama kafin a kama wani, in ana girki kada a fita tsakar gida sai an sauke tukunya. In za a yi magana mai muhimmanci, a kashe rediyo, a sa yara su yi shiru, mai ciwon ya maimaita abin da aka faɗa da bakinsa.

Akwai kuma zancen zafi, wanda ya shafe mu mutanen Kano ƙwarai. Tun 1890 wani likitan ido Bajamushe mai suna Wilhelm Uhthoff ya lura cewa ganin waɗansu masu wannan ciwo yakan ƙara dushewa in sun motsa jiki, daga baya aka gane ɗumin jiki ne sanadi. Haka tunani ma yakan yi nauyi da zafi da gajiya, ya sake dawowa in jiki ya huce. Don haka a watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, lissafin kuɗi da duk wani aikin kai a yi shi da sanyin safiya. Da rana a nemi inuwa, a sha ruwa mai sanyi, a huta. In mantuwa ta ƙaru farat ɗaya, a hanzarta zuwa asibiti, gama zazzaɓi ko ciwon mafitsara kan tsananta alamun. Baƙin ciki ma yana da magani, in an yi maganinsa tunani yakan sami sauƙi.

Mu kuma mutanen gida da masu ziyara, namu aikin shi ne mu rage gudu. Mu faɗi magana ɗaya, mu jira amsa, kada mu ƙarasa masa zance tun bai nema ba. Mu daina tambayarsa ko ya manta ne kuma, musamman a gaban baƙi. Kada a ƙwace masa ragamar gidansa ko sana'arsa don ya yi kuskure sau ɗaya ko biyu, a zauna tare a duba littafin. Zumuntar mata da ta matasa za su iya raba ranakun raka irin wannan ɗan'uwa asibiti, a sami mai rubuta abin da likita ya ce.

Sharko ya ci gaba da aiki shekara 25 bayan laccocin nan. Ya bayyana wata cutar shanyewar tsoka wadda Faransawa suke kira da sunansa har yau. A 1882 aka kafa kujerar farfesan cututtukan jijiyoyi a jami'ar Paris, aka ba shi. Ɗalibai suka zo masa daga ƙasashe da yawa, cikinsu har da Sigmund Freud, wanda ya zauna a wurinsa daga 1885 zuwa 1886. Bai rasa kuskure ba. A shekarunsa na ƙarshe yakan fito da mata masu ciwon firgita gaban taron jama'a yana gwaji a kansu, abin da ya jawo masa suka mai yawa, an kuma watsar da wani ɓangare na koyarwarsa a kan wannan bayan mutuwarsa. Amma aikinsa a kan MS ya tsaya.

Ya rasu ran 16 ga Agusta, 1893, a yankin Morvan, yana cikin tafiyar hutu tare da waɗansu tsofaffin ɗalibansa, yana da shekara 67. Ya bar 'ya mace da ɗa namiji, Jean-Baptiste, wanda ya karanta likita amma ya shahara a binciken tekun ƙanƙara, har ya rasu a haɗarin jirgin ruwa kusa da Iceland a 1936.

Cikin dukan tarihin nan, abin da muke roƙon masu karatu su riƙe shi ne labarin 'yar aikin nan da tangaran da ta fasa. Mai gidanta ya ga ɓarnar, ya tambayi kansa abin da ke damunta, ya kuma haƙura da ita har ƙarshe. In a gidanku akwai wanda ke mantuwa fiye da yadda kuka san shi, ku kai shi a duba shi, ku saya masa littafi da biro, ku kuma ba shi lokaci in yana magana. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinyarsu haƙuri. Sai mun sadu a mako mai zuwa.