Dakta Ambedkar na Indiya

Ya kai ɗalibi, ka taɓa jin ƙishirwa a makaranta aka hana ka taɓa randa? Haka Bhimrao Ambedkar ya taso. An haife shi a Indiya a 1891, cikin mutanen da ake ƙyamar taɓawa saboda asalinsu. A kan buhu yake zama, nesa da sauran yara. In yana son ruwa, sai wani ya zuba masa daga sama.

Duk da haka, ya yi karatu a Amurka da Ingila, ya zama lauya. A 1927 ya jagoranci dubban mutanensa zuwa tafkin garin Mahad, suka sha ruwan da aka hana su. Daga baya ya shugabanci kwamitin rubuta tsarin mulkin Indiya, wanda ya haramta wannan ƙyama. Ya rasu a 1956.