SOE HOK GIE (1942–1969): ƊALIBIN DA YA AUNA KOWA DA MUDU ƊAYA

A wannan fitowa mun kawo muku tarihin wani saurayi daga ƙasa mai nisa, wato Indonesiya, ƙasar tsibirai da ke kudu maso gabashin Asiya. Sunansa Soe Hok Gie, ana kuwa furta shi Su Hok Gi. Ba ya cikin jerin tsarkakan Ikilisiya, bai riƙe sarauta ba, bai tara dukiya ba, bai ma cika shekara 27 a duniya ba. Amma makarantun Katolika suna da hannu a tarbiyyarsa, kuma har yau ɗaliban ƙasarsa suna karanta abin da ya rubuta. Iyaye da malamai da matasa, kowa yana da abin da zai ɗauka a rayuwar wannan yaro.

Haihuwarsa da gidansu

An haifi Gie a birnin Jakarta ran 17 ga Disamba, 1942, lokacin da sojojin Japan suke riƙe da ƙasar bayan sun ƙwace ta daga hannun Turawan Holan. Yana ɗan shekara biyu da watanni takwas Sukarno da Mohammad Hatta suka yi shelar 'yancin kai, ran 17 ga Agusta, 1945, sa'an nan aka shiga yaƙi da Holan har zuwa ƙarshen 1949. Ke nan shi da ƙasarsa kusan tare suka yi rarrafe, tare suka tashi tsaye.

Iyayensa 'yan asalin ƙasar Sin ne waɗanda zuriyarsu ta zauna a Indonesiya. Irin waɗannan mutane 'yan tsiraru ne a ƙasar, kuma sau da yawa akan dube su kamar baƙi, ko da a nan aka binne cibiyarsu. Mahaifinsa, Soe Lie Piet, marubucin littattafai ne kuma ɗan jarida. Gie shi ne na huɗu cikin 'ya'ya biyar. Gidan ba na masu kuɗi ba ne, amma gida ne na karatu. Shi da wansa Soe Hok Djin tun suna ƙanana suka saba da zuwa ɗakunan karatu da wuraren aron littattafai, har yaron ya san manyan marubutan ƙasarsa kafin ya gama ƙaramar sakandare.

Yaro da malamansa

Ya yi ƙaramar sakandare a makarantar Strada, ɗaya daga cikin makarantun Katolika na Jakarta. A wannan lokaci ne, yana da shekara 14, ya fara wata al'ada da bai bari ba har mutuwarsa: rubuta abin da ya gani da abin da ya ji a zuciyarsa a cikin littafin ajiye tarihin kwanaki. Abin da littafin ya buɗe da shi, ran 4 ga Maris, 1957, ƙorafi ne a kan wani malami da ya rage masa maki a jarrabawar labarin ƙasa, daga 8 zuwa 5. Rage makin bai dame shi kamar rashin adalcin ba, don yana ganin an zalunce shi.

A shekarar da ta biyo baya aka yi wata gardama da ta nuna halinsa sosai. Akwai wani ɗan littafi da marubucin Faransa André Gide ya gina a kan misalin ɓataccen ɗa, wanda muka sani a Bisharar Luka sura 15. Shahararren mawaƙin Indonesiya Chairil Anwar shi ya fassara littafin zuwa harshen ƙasar. Malamin adabi ya ce wa aji Chairil ne mawallafin. Gie ya ce a'a, Chairil mai fassara ne, Gide ne ya wallafa. Malam ya tsaya a kan bakansa, ɗalibi ma ya tsaya a kan nasa, alhali gaskiya tana wajen ɗalibin. Abin da ya ɗauka daga wannan rana shi ne, malami mutum ne, yana iya kuskure, kuma wanda ba ya jure gyara bai cancanci tsayawa gaban allo ba.

Kada mu ɓoye cewa yaro ne mai taurin kai da kaifin harshe. Waɗansu kalmomin da ya rubuta a kan malamansa sun yi zafi ƙwarai, irin na ƙuruciya. Amma a ƙarƙashin wannan zafi akwai wani abu mai daraja: ba ya iya cewa baƙi fari ne don a bar shi lafiya.

Daga nan ya shiga Kwalejin Kanisius, babbar sakandaren da limaman ƙungiyar Yesu, wato Jesuit, suka kafa a Jakarta a 1927, wadda ta ci sunan Waliyi Bitrus Kanisius. Ya zaɓi fannin adabi, kuma a nan ne son tarihi ya kama shi. Ya yi ta karanta labarin juyin mulki na ƙasashe, da rayuwar shugabanni, da yadda talakawa suke ɗaukar nauyin kuskuren manya.

Mutumin da ke cin ɓawon mangwaro

Ran 10 ga Disamba, 1959, saura mako guda ya cika shekara 17, ya gamu da wani mutum a titi yana cin ɓawon mangwaro saboda yunwa. Mutumin ba mabaraci ba ne. Gie ya ba shi ɗan kuɗin da ke aljihunsa, rufiya biyu da rabi. Da ya koma gida ya rubuta abin a littafinsa, ya kuma lura cewa tsakanin wannan mayunwaci da fadar shugaban ƙasa, inda ake ci ana sha ana raha, bai wuce kilomita biyu ba.

Wannan ƙaramin abu shi ya juya fuskarsa daga aji zuwa ƙasa baki ɗaya. A shekarar ce Shugaba Sukarno ya rushe majalisar tsara tsarin mulki, ya tattara iko a hannunsa. Sukarno gwarzon neman 'yanci ne, mai baki kamar zuma, jama'a suna ƙaunarsa. Gie bai musa gwagwarmayar da manyan ƙasar suka yi da 'yan mulkin mallaka ba. Amma ya ga cewa waɗanda suka yi alkawarin adalci sun manta da alkawarin da suka hau kujera. Mudun da ya auna malaminsa da shi, da shi ya auna shugaban ƙasa.

Shekarun jami'a

A farkon shekarun 1960 ya shiga Jami'ar Indonesiya, sashen tarihi na tsangayar adabi, a unguwar Rawamangun. Zamanin mai wuya ne. Ana rufe jaridu, ana tsare 'yan adawa. Sutan Sjahrir, firayim ministan ƙasar na farko, wanda Gie yake girmamawa, an tsare shi a 1962. A 1963 majalisa ta naɗa Sukarno shugaba na muddin rai. Jam'iyyun siyasa kuwa sun kutsa cikin jami'a, sun rarraba ɗalibai bisa aƙida da addini.

Gie bai so wannan rarrabuwa ba. A watan Disamba 1964 shi da abokansa, ciki har da Herman Lantang, suka kafa ƙungiyar ɗalibai masu son halitta da hawan duwatsu, wadda ake kira Mapala. A ganinsa mutum ba ya ƙaunar ƙasarsa da kirari da take kawai. Sai ya taka ta da ƙafarsa, ya kwana a ƙauyukanta, ya ci abin da manoma suke ci. Wurin da ya fi so shi ne kwarin Mandalawangi a kan dutsen Pangrango, kudu da Jakarta, inda yakan je ya natsu idan hayaniyar birni ta ishe shi.

A karatu ma bai yi wasa ba. Ya yi bincike a kan ƙungiyar Sarekat Islam ta birnin Semarang tsakanin 1917 da 1920, sa'an nan ya yi wani a kan boren 'yan gurguzu na Madiun na 1948. Dukansu an buga su littattafai bayan rasuwarsa.

Guguwar 1965 da 1966

A daren 30 ga Satumba, 1965, wayewar 1 ga Oktoba, waɗansu sojoji suka kashe manyan janar-janar shida. Janar Suharto ya murƙushe yunƙurin, rundunar soja kuma ta ɗora laifin a kan jam'iyyar 'yan gurguzu. Ga shi kuma farashin kaya ya yi tashin gwauron zabo, har shinkafa ta gagari talaka. Ran 10 ga Janairu, 1966, ɗalibai suka fito kan titunan Jakarta da buƙatu uku: a rushe jam'iyyar 'yan gurguzu, a sake majalisar ministoci, a rage farashin kaya. Gie yana cikin masu shirya jerin gwanon ɗaliban tsangayarsa, yana kuma rubuta wa gidan rediyon ɗalibai mai suna Ampera sharhi. Ran 24 ga Fabrairu aka harbe wani ɗalibin likitanci, Arif Rahman Hakim, kusa da fadar shugaban ƙasa. Ran 11 ga Maris Sukarno ya sa hannu a takardar da ta ba Suharto iko, daga nan kuwa mulkinsa ya soma gushewa.

Ɗalibai suka yi murna, suna ganin sun ci nasara. A nan ne aka gwada Gie gwaji mafi tsanani, domin a cikin waɗannan watanni an yi wa waɗanda ake zargi da gurguzu kisan kiyashi a Java da Bali da sauran wurare. Masana tarihi da yawa suna ƙiyasta waɗanda aka kashe da kimanin rabin miliyan, waɗansu ma suna cewa sun fi haka. An kuma tsare ɗimbin mutane ba tare da shari'a ba. Gie ya yi adawa da 'yan gurguzu a fili. Da ya yi shiru, ba mai ganin laifinsa, don kusan kowa shiru ya yi. Amma ya ɗauki alƙalami ya rubuta a kan kashe-kashen Bali, da halin da fursunonin siyasa da iyalansu suke ciki. A wajensa, ran abokin gaba ma rai ne, zalunci kuma ba ya zama adalci don ɓangarenka ne ya aikata shi. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani; shi kuwa ya sunkuya ya dubi tudun da yake tsaye a kai.

Farashin gaskiya

Ya yi ta rubutu a jaridu irin su Kompas da Sinar Harapan, yana sukar cin hanci a sabuwar gwamnati kamar yadda ya soki tsohuwar. Hakan ya jawo masa wasiƙun barazana da zagi, har ana yi masa gori da asalinsa, ana cewa ya koma ƙasar Sin. A wannan zamani gwamnati ta matsa wa 'yan asalin Sin su ɗauki sunaye irin na Indonesiya. Wansa an san shi da suna Arief Budiman. Gie kuwa ya riƙe sunan da iyayensa suka raɗa masa, ya bar aikinsa ya shaida ko shi ɗan ƙasa ne. Mahaifiyarsa ta damu, tana ganin ɗanta maƙiya kawai yake tarawa. Ko a neman aure abin ya taɓa shi: iyayen 'yan mata suna yaba jaruntakarsa, amma suna tsoron ba shi 'yarsu. Littafinsa na waɗannan shekaru cike yake da kaɗaici da tambayoyi masu nauyi, har game da addini da ma'anar rayuwa.

Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne abokan gwagwarmayarsa. An ba waɗansu shugabannin ɗalibai kujeru a majalisar dokoki, ba da jimawa ba kuwa suka shiga neman motoci da alfarma. A watan Disamba 1969 Gie da abokansa suka aika musu da ƙunshin kyauta mai ɗauke da jan baki da hoda da madubi, wato su ƙara kwalliya don su ƙara kyau a idon masu mulki. Gaskiya ɗaci gare ta, shi kuwa bai taɓa sa mata sukari ba.

Rasuwarsa

A 1969 ya kammala jami'a, aka ɗauke shi malami a tsangayar da ya yi karatu. A watan Disamba ya tafi tare da abokansa hawan Semeru, dutse mai aman wuta, mafi tsawo a tsibirin Java, mita 3,676. Ran 16 ga Disamba, 1969, kusa da ƙololuwar dutsen, ya shaƙi hayaƙi mai guba, ya rasu, shi da wani matashi mai suna Idhan Lubis. Saura kwana ɗaya ya cika shekara 27. An binne shi a Jakarta, amma a 1975 da aka tashi maƙabartar, sai aka ƙone ƙasusuwansa, abokansa suka watsa tokar a Mandalawangi, kwarin da yake ƙauna. A 1983 aka buga littafin kwanakinsa da sunan Catatan Seorang Demonstran, wato rubuce-rubucen mai zanga-zanga, a 2005 kuma aka yi fim a kan rayuwarsa. Mulkin Suharto da ya soka tun yana jariri ya daɗe har 1998, kuma ɗalibai ne suka sake cika tituna kafin ya faɗi.

Abin tunani

Ya ku malamai, yaron da ya gyara muku kuskure a aji ba lallai mara kunya ba ne. Ku gyara masa harshe, amma kada ku kashe masa lamiri. Ya ku iyaye, mukan tura 'ya'yanmu makaranta don su sami aiki, wannan kuwa daidai ne, amma mu tambayi kanmu ko za mu jure idan ilimin ya sa suka faɗi gaskiyar da za ta jawo musu asara. Ku kuma matasa, sukar abokin gaba abu ne mai sauƙi, kowa yana iyawa. Ranar da ɗan garinku, ko ɗan ƙabilarku, ko ɗan jam'iyyarku, ko wanda kuke sujada tare ya yi zalunci, ranar ce za a san irin mudun da ke hannunku.

Allah ya ji ƙan Soe Hok Gie, ya ba shi hutawa ta har abada, ya kuma ba 'ya'yanmu zuciyar da ba ta sayar da gaskiya. Amin.