Malam Zaki na Katagum: Sarkin Borno da Bai Zauna a Borno Ba

A shafin tarihin magabata na wannan Juma'a za mu leƙa gida, ƙasar Katagum ta Jihar Bauchi. Akwai mutanen Azare da Shira da Gamawa da Chinade da dama a sahunmu, kuma sun daɗe suna yi mana ƙorafi wai kullum Kano da Sakkwato kawai muke ambata. To, yau ranarsu ce.

Mutumin da za mu ba da labarinsa shi ne Malam Ibrahim Zaki, wanda ya kafa masarautar Katagum. Bari mu fara da sunan, don da yawanmu mun taso muna zaton zakin dawa ake nufi, tunda mayaƙi ne. Ba haka ba ne. Cikakken laƙabinsa Zakiyul Ƙalbi, da Larabci, wato mai tsarkin zuciya. Bakin Bahaushe ne ya gajarta shi, sai ya faɗa kan sunan manyan dawa, kuma bai yi masa muni ba.

Tarihin da mutanen ƙasar ke bayarwa ya ce mahaifinsa, Malam Lawan, baƙo ne. Malami ne da ya zo ya zauna a Yayu, kusa da Chinade, ya yi iyali, a nan Ibrahim ya tashi. Kun ga ke nan ɗan ci-rani ne irin 'ya'yanmu da muke haifa a nan. A wancan zamani, ƙarshen ƙarni na 18, babu wani gari mai suna Katagum da ke mulkin kowa. Tsofaffin masarautun yankin su ne Shira da Tashena da Auyo, dukkansu kuma a ƙarƙashin inuwar Borno suke. Can ake kai gaisuwa, can ake kai haraji, can kuma almajiri yake fuskanta in yana son ya zama gwani. Har yau in yaro ya tafi neman haddar Alƙur'ani cewa muke ya tafi gabas.

Cibiyar wannan gabas ɗin ita ce Birnin Gazargamu, wanda littattafai ke rubutawa Ngazargamu. Mai Ali Gaji ne ya kafa shi wajen 1470, kusa da kogin Yobe, ba nisa da garin Geidam na yanzu. Daga nan Mai Idris Alauma ya yi mulki. Fadar da tubalin wuta aka gina ta, a lokacin da kowa da ƙasa yake gini. Ayarin fatake daga Fezzan da Tarabulus nan yake sauke kaya. Fiye da shekara 300 birnin yana tsaye, ba wanda ya taɓa tunanin zai faɗi.

Sai ga labari daga yamma. A watan Fabrairun 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, yaƙi ya ɓarke tsakanin jama'arsa da Gobir, kafin a ce haka wutar ta kama ƙasar Hausa duka. Malamai da ardo-ardo suka riƙa karɓar tuta suna komawa yankunansu. Yakubu ya yi Bauchi, Buba Yero ya yi Gombe, Umaru da Sambo suna wajen Haɗejiya, Gwani Mukhtar yana bakin iyakar Borno ta kudu maso yamma. Malam Zaki shi ma ya karɓi tasa. Tashena da Shira suka shiga hannunsa. Amma idon masu tutar gabas ba a kan waɗannan ƙananan garuruwa yake ba. Gazargamu suke hange.

A 1808 Gwani Mukhtar ya shiga birnin. Mai Ahmad, tsoho ne ga makanta, ya fice zuwa gabas, ya miƙa sarauta ga ɗansa Dunama. Dunama ya rasa inda zai sa kansa, sai ya nemi taimakon wani malami da ke zaune a Ngala, Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda Hausawa suka fi sani da Shehu Laminu. Da taimakonsa aka ƙwato birnin, Gwani Mukhtar ya rasa ransa a can. A shekarar da ta biyo, 1809, Malam Zaki ya ɗauko runduna ya sake tunkarar Gazargamu. Mai Dunama ya sake ficewa. Ɗan baƙon malamin nan na Yayu ya shiga fadar da kakannin mutanen Shira ke kai wa gaisuwa a durƙushe. Daga nan ne laƙabin Sarkin Borno ya kama shi.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, don wannan yaƙi ba irin na Gobir ba ne, kuma ba za mu ɓoye ba. Borno ƙasar Musulunci ce tun ƙarnoni kafin a haifi Shehu. Masallatai cike, allo a hannun kowane yaro, alƙalai suna hukunci. Shi ya sa Shehu Laminu bai tsaya ga takobi kaɗai ba, ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa shugabannin jihadi wasiƙu. Hujjarsa ita ce, abubuwan da ake tuhumar Barebari da su, irin su yanka a wasu wurare na al'ada, da cin hanci a wurin shari'a, da cin dukiyar maraya, da fitar mata ba lulluɓi, duk saɓo ne, amma saɓo ba ya fitar da mai salla daga Musulunci balle ya halatta jininsa. Muhammadu Bello ya amsa masa cewa sarakunan Borno ne suka fara, da suka goyi bayan sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu, suka kuma takura wa masu bin sa da ke ƙasarsu. Bello bai ɓoye hujjar abokin jayayyarsa ba, ya shigar da wasiƙun cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, shi ya sa har yau ɗalibai ke karanta ɓangarorin biyu. Mu dai ba mu isa mu raba gardamar manyan malamai irin waɗannan ba. Amma duk wanda ya karanta da zuciya ɗaya zai ji nauyin tambayar Shehu Laminu, kuma zai ga cewa a filin Gazargamu masu kabbara ne ke fuskantar masu kabbara.

Malam Zaki bai daɗe a birnin ba. Masu ba da tarihi abu biyu suke ambata: ƙarancin abinci, da matsin rundunar Shehu Laminu da Mai ya sake kira. Birnin da aka ci sau biyu cikin shekara biyu ai sunansa kawai ya rage. Mutane sun watse, rumbuna wayam, manoman karkara ba sa kawo hatsi ga wanda suke gani baƙo ne. Ga dawaki suna son harawa, ga mayaƙa da suka baro iyali da nisa, damina na ƙaratowa. Ganuwa komai tsayinta ba ta ciyar da runduna. Sai ya tattara mutanensa ya juyo yamma.

Ku kwatanta wannan tafiya ta dawowa. Mutum ya kai inda kowa ke cewa nan ne ƙarshen buri, ya taka da ƙafarsa, ya kwana a ciki, sa'an nan ya fito da suna kawai. Sarkin Borno ne, amma Bornon tana bayansa, hannun wasu. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa haɗa jarinsa kaf ya zuba a harka ɗaya, kaya suka iso, ya ga riba da idonsa, sa'an nan abin ya zube, ya san irin wannan hanya. Akwai 'yan'uwa a cikinmu da suka shekara goma ba su je gida ba, ba don rashin kuɗin mota ba, sai don kunyar a tambaye su ina abin da suka fita nema. Wasu a nan ne suke ɓata: ko su nace sai sun koma kan abin da ya kayar da su, su ci bashi su ƙara zubawa, ko su yanke ƙauna su saki salla su saki iyali.

Malam Zaki bai yi ko ɗaya ba. Bai ƙare ransa a jikin ganuwar Gazargamu kamar Gwani Mukhtar ba, bai kuma naɗe hannu ya zauna zaman baƙin ciki ba. Ya duba ƙasar da ke hannunsa tun farko, wadda hangen babban birni ya sa ta zama kamar ba komai ba. A gefen arewa na kogin Jama'are, wanda mutanen wurin ke kira kogin Katagum, ya zaɓi wuri ya sa aka fara gini. Ga fadama, ga kifi, ga makiyaya, ga shi kuma a kan hanyar fatake tsakanin Kano da Borno. 'Yan shekarun da suka rage masa a kan wannan gari ya ƙarar da su.

Malamanmu sukan tuna mana Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, lokacin da Sahabbai suka fito da niyyar Umara aka tare su suka koma Madina zukata ba daɗi, ashe komawar ce mabuɗin abin da ya biyo baya. Ba muna haɗa darajar kowa da tasu ba ne, Allah Ya tsare. Abin da muke nufi shi ne, shiriyar Allah ba kullum take zuwa da buɗe ƙofa ba. Wani lokaci rufewa ake yi, kuma a kan Malam Zaki da hannun wani malami ɗan'uwansa aka rufe. A ganinmu, ranar da ya juya wa Gazargamu baya ba ranar ɓatansa ba ce. An ɗauke shi daga yaƙin da manyan malamai ke jayayya a kan halaccinsa, aka mai da shi kan aikin da babu mai jayayya a kansa: gina gari, tsai da masallaci, buɗe kasuwa, zaunar da mutane.

Allah Ya yi masa rasuwa a 1814. Abin mamaki, a shekarar ce Shehu Laminu shi ma ya kafa nasa sabon garin, Kukawa. Gazargamun da suka yi ta gwabzawa a kanta babu wanda ya zauna a ciki. Su kansu sarakunan Borno ba su sake mai da ita fada ba, suka koma Birnin Kafela, har sarautar gidansu ta ƙare a 1846.

Shekara 10 bayan rasuwar Malam Zaki, a watan Janairun 1824, wasu Turawan Birtaniya biyu, Hugh Clapperton da likita Walter Oudney, suka iso Katagum daga Kukawa a kan hanyarsu ta zuwa Kano. Lokacin Muhammadu Ɗankauwa ne ke sarauta, wanda ya hau a 1816 bayan ɗan gajeren mulkin Sulaimanu Adandaya. Clapperton ya rubuta abin da ya gani: ganuwa biyu, gwalalo a kewaye, ƙofofi huɗu, mutane tsakanin 7,000 da 8,000, kuma a ganinsa bai haɗu da gari mai ƙarfin tsaro irinsa ba tun da ya baro Tarabulus. Ga abin da zai ba 'yan kasuwarmu sha'awa: a Katagum ne ya fara ganin ana ciniki da kuɗin wuri. A Borno da ya baro, da ƙyallen saƙi ake musaya, wanda Barebari ke kira gabaga. Wato garin ya zama bakin iyakar kuɗi biyu, inda mai zuwa daga gabas ke shiga lissafin kasuwar Kano, kuma kowa a nan ya san irin albarkar da ke wurin da kuɗi biyu suka haɗu. Hatsi da shanu ake kawowa, har da bayi, don wannan ma yana cikin cinikin zamanin, ba abin alfahari ba ne amma haka aka yi. Shi likita Oudney ciwo ya ci ƙarfinsa, ya mutu a Murmur, ba nisa da Katagum, ranar 12 ga watan.

Garin bai zauna lafiya kullum ba. Wajen ƙarshen 1826 Shehu Laminu ya taso da babbar runduna ya nufi Kano, ƙasar Katagum ce a bakin hanya, ta kuwa sha wuya. Sai a farkon 1827 Sarkin Bauchi Yakubu ya tare shi, Barebari suka koma gida. Katagum ta farfaɗo, Ɗankauwa ya ci gaba da mulki har 1846. Daga baya iyaka ta lafa, fatake suka ci gaba da kai da kawo, aka yi auratayya. Yau abin da ya rage na wancan faɗa shi ne wasan Fulani da Barebari, wanda ko a ƙofar masallacin nan ba a rasa shi bayan an sallame, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne.

Kukawa ma ba ta tsira ba, Rabe ya rushe ta a 1893. Gazargamu kuwa in ka je yau tudun tsohuwar ganuwa za ka tarar, da gutsattsarin jan tubali a cikin ciyawa. Ruwan da ke wucewa ta gefen Katagum yakan gangara ya haɗu da na Haɗejiya, su zama kogin Yobe, ya bi ta kusa da kangon.

Turawa sun karɓi Katagum a 1903. A 1916, zamanin Sarki Abdulƙadir, aka mai da fadar zuwa Azare, amma masarautar ta riƙe sunan garin Malam Zaki. Gidansa ne ke sarauta har yanzu: Umaru Faruƙu daga 1947 zuwa 1980, Muhammadu Kabir Umar daga 1980 zuwa 2017, sai Umaru Faruƙu na biyu. Azare ta zama gari na biyu a girma a Jihar Bauchi, kuma babban titin Kano zuwa Maiduguri ta nan ya ratsa, ya wuce Potiskum da Damaturu, kusan yadda hanyar fatake ta dā ta bi ta ƙasar.

Ga wani abu da ke rikita baƙi, har masu aika kaya gida sukan yi kuskure a kansa. Ƙaramar hukumar da ake kira Katagum, hedikwatarta Azare ce. Shi kuwa ainihin garin Katagum, wanda aka gina bayan dawowa daga Borno, hedikwatar wata ƙaramar hukuma ce dabam, sunanta Zaki.

Allah Ya jiƙan Malam Zaki da Shehu Laminu da Gwani Mukhtar, da duk waɗanda suka kwanta a tsakaninsu.