Horatio Nelson: Kwamandan da ya shirya mutanensa su ci yaƙi ko ba ya nan

A ranar 21 ga watan Oktoban shekara ta 1805 jiragen ruwan yaƙin Birtaniya 27 suka yi arangama da jirage 33 na haɗin gwiwar Faransa da Sifaniya a kusa da gaɓar Trafalgar. Jim kaɗan bayan ƙarfe ɗaya na rana aka harbi kwamandan rundunar, Admiral Horatio Nelson, amma mayaƙansa suka ci gaba da gumurzu har suka yi galaba. Dalilin da ya sa faɗuwar jagoran ba ta wargaza rundunar ba shi ne abin da masu nazarin dabarun shugabanci ke komawa gare shi har yau.

An haifi Nelson a ranar 29 ga watan Satumban 1758 a ƙauyen Burnham Thorpe da ke lardin Norfolk na Ingila. Mahaifinsa limamin coci ne, mahaifiyarsa kuwa ta rasu yana da shekaru tara. Ya shiga aikin sojan ruwa a 1771 a ƙarƙashin kawunsa Maurice Suckling, ya kuma kai muƙamin kyaftin a 1779 yana ɗan shekara 20, duk da cewa jirin teku bai daina damunsa ba har ƙarshen rayuwarsa.

Yaƙin da ya ɓarke tsakanin Birtaniya da Faransa a 1793 shi ne ya fito da sunansa. A 1794 ya rasa ganin idonsa na dama a garin Calvi da ke tsibirin Corsica. A watan Fabrairun 1797, a yaƙin Cape St Vincent, ya fitar da jirginsa daga sahu ba tare da jiran umarni ba, ya tare hanyar jiragen Sifaniya, ya kama biyu daga cikinsu. Shugabansa John Jervis ya yaba masa maimakon ya hukunta shi. To sai dai watanni biyar bayan haka irin wannan zafin naman ya kai shi ga harin da bai yi nasara ba a tsibirin Tenerife, inda ya rasa hannunsa na dama da kuma mayaƙa masu yawa.

Salon shugabancinsa ya bayyana sosai a 1798, lokacin da ya shafe makonni yana neman jiragen da suka kai Napoleon ƙasar Masar. A zamanin babu rediyo. Da tutoci ake isar da umarni daga jirgi zuwa jirgi, kuma da zarar an fara harba igwa hayaƙi kan rufe komai. Saboda haka Nelson ya riƙa gayyato kyaftin-kyaftin ɗinsa zuwa jirginsa yana bayyana musu abin da yake nufi da kuma dalilinsa. Da suka riski Faransawa a mashigin Abukir kusa da Iskandariya a ranar 1 ga watan Agusta, jirgin da ke kan gaba, wanda Kyaftin Thomas Foley ke jagoranta, ya kutsa ta tsakanin gaɓa da sahun abokan gaba, wasu kuma suka bi shi, aka sa Faransawa a tsakiya. An yi wa Nelson rauni a ka a daren, amma faɗa bai tsaya ba. Daga cikin manyan jiragen Faransa 13, biyu kacal suka tsira.

A yaƙin Copenhagen na 1801 kuwa ya yi biris da tutar da shugabansa Hyde Parker ya ɗaga ta neman a ja da baya, domin shi da ke cikin wuta ya fi ganin yadda faɗan ke tafiya. Nelson ya san darajar a bar wanda ke fagen aiki ya yanke shawara, kuma abin da ya nema daga manyansa shi ya ba wa na ƙasa da shi.

Kazalika ya mai da hankali ga al'amuran da wasu shugabanni ke ɗauka ƙanana ne. Tsakanin 1803 da 1805, lokacin da yake sa ido kan jiragen Faransa da ke tashar Toulon, ya yi kusan shekaru biyu bai taka ƙasa ba, yana fafutukar samar wa ma'aikatan jiragensa lemon tsami da albasa da naman shanu sabon yanka, domin a wancan zamani cuta ta fi harsashi kashe sojan ruwa.

Da ya isa gaɓar Cadiz a ƙarshen watan Satumban 1805, ya tara kyaftin-kyaftin ɗinsa cin abinci ya bayyana musu shirinsa na raba runduna gida biyu a yanke sahun abokan gaba. A ranar 9 ga watan Oktoba ya rubuta musu shirin, ya bar wa mataimakinsa Cuthbert Collingwood cikakken ikon tafiyar da sahu na biyu, ya kuma sanar da kowane kyaftin cewa idan tutoci suka ɓace masa, ba za a ɗora masa laifi ba matuƙar ya tunkari jirgin abokin gaba. Nelson ya cika da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yammacin ranar yaƙin, yana da shekaru 47, bayan an shaida masa cewa an yi nasara. Abokan gaba sun yi asarar jirage 18, Birtaniya ba ta rasa ko ɗaya ba, ko da yake mayaƙanta kimanin 450 sun kwanta dama.

Tarihinsa na da tabo. A birnin Naples a 1799 ya goyi bayan masarautar da ta hallaka masu neman jamhuriya da suka miƙa wuya bisa yarjejeniya, ya kuma sa aka rataye Admiral Francesco Caracciolo bayan shari'a ta gaggawa. Ya juya wa matarsa Frances baya saboda Emma Hamilton, yana kuma da son yabo ƙwarai. Kusancinsa da masu gonakin bayi a yankin Caribbean na daga cikin abubuwan da ake sukarsa a kai a yau.

An binne shi a majami'ar St Paul da ke Landan a ranar 9 ga watan Janairun 1806, jirginsa Victory kuma yana ajiye a Portsmouth. Ga manajan kamfani ko shugaban ma'aikata, ma'aunin da rayuwar Nelson ta bari mai sauƙi ne: idan ya yi mako guda ba ya ofis, shin ma'aikatansa sun san manufar aikin har za su iya yanke shawara ba tare da fargabar hukunci ba, ko kuwa takardu za su taru suna jiran sa hannunsa?