Inikpi: Gimbiyar Igala da ta fanshi Idah da ranta

A unguwar Ega da ke gaɓar kogin Kwara a Idah, fadar masarautar Igala a jihar Kogi, akwai mutum-mutumin wata budurwa. Ita ce Inikpi, 'yar Attah Ayegba Oma Idoko, wadda Igala ke ɗauka a matsayin wadda ta ceci ƙasarsu.

Tarihinta na baka ne, don haka ruwayoyi sun sha bamban. Wasu na danganta shi da yaƙin Igala da Benin a farkon ƙarni na 16, wasu kuma da Jukunawan Kwararrafa, waɗanda Kano ma ta ɗanɗani kaifin takobinsu. Abin da aka haɗu a kai shi ne, abokan gaba sun tunkaro Idah, bokayen fada kuma suka shaida wa Attah cewa garin ba zai tsira ba sai an binne 'yar da ya fi ƙauna da ranta.

Uban ya ɓoye maganar, ya daina ci da sha. Da Inikpi ta gano dalili, sai ta yi ta roƙonsa har ya amince. Ta shiga ramin da aka haƙa a Ega da ƙafarta, aka rufe ta tare da bayi 9. An ce da mahara suka hango garin, sai suka ga kamar wuta ta cinye shi, suka juya.

Labarin ya yi kama da na Ifijiniya a tatsuniyoyin Girka, wadda mahaifinta Agamemnon ya sadaukar domin iska ta kaɗa jiragen yaƙinsa. Sai dai ita an yaudaro ta ne da alƙawarin aure, kuma jininta ya buɗe hanyar kai hari ne, na Inikpi kuwa na kare gida.

Musulunci da Kiristanci sun haramta irin wannan hadaya, amma sunan Inikpi bai gushe ba: Igala na raɗa wa 'ya'yansu mata, kuma a 2020 Mercy Johnson ta fitar da fim a kanta. Abin da ya raya sunan shi ne, gidan sarauta ne ya fara biyan kuɗin tsaron ƙasa. Bayin nan 9 kuwa, ba a nemi yardarsu ba.